Dutsen da Yaya Ta Bari a Kan Katanga

A layin masu ƙarfe shagonsa ne na ƙarshe, daga shi sai kwalbati. Sheƙi muke ce masa, kuma aikinsa ne ya jawo masa sunan. In mai walda ya gama haɗa ƙofa ko gado ko hannun matakala, ya bar kumburi da tabo duk inda wuta ta bi, sai a kai wa Sheƙi. Shi zai bi da injin gurza ya kwantar da kumburin, ya sake bi da dutse mai laushi, ya ƙare da ƙyalle, har sai mutum ya leƙa ya ga haƙoransa a jikin ƙarfen. Bai iya ganin kaushi ya ƙyale ba. Ko cokalin shayi aka miƙa masa, kafin hira ta ƙare ya murje shi da bakin riga.

Allah ya jiƙansa. Siriri ne mai dogon wuya, girarsa kullum toka-toka saboda ƙurar aiki. Ba shi da yawan magana, amma in dariya ta kama shi sai ya dafe ƙirji kamar wani abu zai faɗo masa. Shi da Mai Walda, maƙwabcin shagonsa, tsokana suka tsufa suna yi.

"Wannan walda ce ko kashin kaji?" in ji Sheƙi, yana shafa ƙofar da aka jingine masa.

"Ba don kashin kajin nan ba me za ka ci, wanzamin ƙarfe? Yi askinka ka rufe mini baki."

Gidansa ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida. Matarsa tela ce, kekenta a baranda yake. 'Ya'yansu sun girma, kowa ya kama gabansa. Ɗaki ɗaya ya daɗe a rufe, har ranar da mijin yayarsa ya rasu, Sheƙi ya je ya ɗauko ta da akwatinta da tabarmarta. A lokacin idonta ya fara dushewa. Ba a jima ba ganin ya tafi gaba ɗaya.

Yaya ce ta raine shi. Ba a garin nan aka haife su ba. Ƙauyensu yana bakin kogi ne, a gindin wani tsauni, har aka zo aka datse ruwan, aka ce kowa ya kwashe nasa ya tashi. Uwarsu ta rasu kafin tashin. Yaya tana 'yar budurwa, shi kuwa yana goye, bai san komai ba. Duk abin da ya sani game da ƙauyen nan a bakinta ya ji. Bai taɓa ganin kogin da idon da zai tuna ba, amma in ana maganar gida sai ya ce "can wajenmu", yana nuna gabas da haɓa.

Uwarsu tana da wani dutsen kogi, daidai tafin hannu, baƙi mai ratsin kore, da farin zare ya ratsa tsakiyarsa. Da shi take goge kaushin ƙafa, da shi take danne shanya kada iska ta ɗauke. In cikin yaro ya murɗa, ta ɗumama shi a bakin murhu ta naɗe a tsumma ta ɗora masa a cibiya. Bayan rasuwarta Yaya ta gaje shi. Ranar tashi, babbar mota tana tsaye ana loda kaya, goyo ya kwance mata. Ta ɗora dutsen a kan katanga ta sunkuya ta gyara zane. Direba ya matsa oda, wani ya fizgi hannunta, sai da mota ta hau hanya ta tuna.

Labarin nan ya sha shi tun yana ƙarami, kullum da tsokana.

"Kai ka jawo, Auta. Da ban tsaya gyara goyonka ba da yana hannuna."

"To ai da kin ajiye ni a katangar kin ɗauki dutsen."

"Na yi wannan tunanin. Shi aƙalla ba ya kuka, ba ya jiƙa mini baya."

Da ta makance sai tsokanar ta ragu. Za ta zauna a tabarma bakin ƙofar ɗakinta, fuskarta wajen rana. Wata rana ya dawo daga aiki, ya tsaya yana wanke hannu, idonsa ya faɗa kan hannunta na dama. Yana kan cinyarta a ɗan dunƙule, babban yatsa yana kai da komowa, yana shafa abin da babu shi. Ya daɗe yana kallo, ruwa na zuba daga buta. Daga ranar nan abin ya shige shi.

Ya fara da nema. Kogunan da ke kusa da mu duk yashi ne. Ya bi masu yashi yana tona lodinsu, ya roƙi direbobin da ke tafiya nesa su tsinto masa. Suka kawo farare, suka kawo jajaye, wasu sumul gwanin sha'awa. Kowanne ya sa mata a hannu sai ta ɗan jinjina shi ta mayar.

"Wannan ba shi da nauyi. Na wani kogin ne, bai san ni ba."

Sai wata damina aka fara gini a tsallaken shagonsa. Tifa ta juye tsakuwa da manyan ɓaraguzan dutse, ruwa ya sauko ya wanke su. Sheƙi yana tsaye bakin shago yana jiran ruwa ya tsagaita, ya ga tulin ya koma baƙi mai ratsin kore, farin zare nan da can. Ya tsallaka titi cikin ruwan ko hula babu. Ya tambayi direban inda ake fasowa, direban ya ce ai tsaunin nan ne na bakin madatsa, an fara cin gefensa. Sheƙi ya cika aljihu biyu, ya rufe shago tun rana ba ta yi tsaka ba.

Yaya ta karɓi guda. Bakinsa kaifi kamar wuƙa, sai da ta ce "wash". Amma ba ta mayar ba. Ta jinjina shi, ta kai kunci, ta ɗan taɓa da harshe.

"Nauyin shi ne," ta ce a hankali. "Sanyin ma shi ne. Ina ka samo? Sai dai wannan bai sha ruwa ba, Auta. Ɗanye ne."

Shi a ganinsa magana ta ƙare. Ga dutse, ga gwani, ga inji. Washegari ya dafe guda a injin gurza ya zagaye shi tsaf. Yaya ta shafa sau ɗaya ta ce, "An yi masa aski. Ga sawun askar nan, ga shi nan, ga wani." Gaskiyarta, inji fuska-fuska yake ci, ruwa kuwa ta ko'ina.

Ya zauna ya yi tunanin me kogi yake yi wa dutse. Mirgina shi yake, yana haɗa shi da 'yan'uwansa da yashi, ba dare ba rana. To, ya samo tsohuwar tayar mota, ya samo injin wata matacciyar na'urar wanki. Mai Walda ya haɗa masa ƙafafu da sanda, yana yi yana mita.

"Mutane na ƙera abin hawa, kai kana ƙera kogi. In ya kawo kifi a tuna da ni."

Aka zuba duwatsu cikin tayar, da ruwa da yashi, aka toshe gefe da faranti. Taya ta yi ta juyawa a bayan shago makonni. Da aka buɗe, yashin ne ya narke ya zama laka, duwatsun kuwa suna nan da haƙoransu. Dutsen tsaunin ya fi ƙarfin yashin gini.

Yana share ƙasan injinsa da yamma, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, ya tsaya da tsintsiya a hannu. Baƙar ƙurar nan da yake kwashewa ya watsar a kwalbati ba ƙarfe kaɗai ba ce. Dutsen injin ma ƙarewa yake, kowane wata sai ya sa sabo. To ina tsohon yake tafiya? Yana nan cikin ƙurar, gari-gari. Abin da ya ci ƙarfe kuwa ai ba zai ji tsoron dutse ba. Ya kwashi ƙurar yadda take ya zuba a taya.

Ta ci, sosai ma. Haƙoran duwatsun suka kwanta. Sai dai ruwan da ya fito ja ne wur, garin ƙarfen ya yi tsatsa ya shige kowace ƙofar dutsen, farin zaren ya koma kalar jini. Bai ma kai ga sa mata a hannu ba ta kau da kai.

"Ƙarnin shagonka yake yi. Kai shi can."

Daga nan ya koyi rabewa. Ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika, ya sa shi a leda, ya baza ƙurar a kan faranti yana bi a hankali. Ƙarfen ya tashi ya manne kamar gashin bushiya, ya janye ledar ya zube gefe. Abin da ya rage, toka-toka mai ƙyalli, shi ne garin dutsen. Ya tankaɗe shi da tsohon gyalen matarsa, abin da ya jawo masa faɗan yini guda. Sannan ya zuba a bokitin ruwa ya motsa. Wanda ya riga kwantawa shi yake kira mai cizo. Ya tsiyaye ruwan sama a wani bokitin, wanda ya kwanta daga baya mai tauna ne. Na can ƙarshe, wanda sai ya kwana kafin ruwan ya washe, laushinsa kamar hoda, wannan mai lasa.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana wanke tayar tas tsakanin kowanne, domin ƙwayar mai cizo guda in ta ɓuya sai ta karce aikin wata. Ranar da ya buɗe bayan mai lasa, duk layin muka taru. Ban taɓa ganin abu irinsa ba. Baƙi kamar an jiƙa shi alhali a bushe yake, koren yana motsi a ciki, farin zaren fes. Mai Walda ya ɗaga guda sama ya ga gemunsa a jiki.

"Kai, ashe haka nake da kyau? Wanzami, yau na sara maka."

Sheƙi ya zaɓi wanda ya fi dacewa da tafin hannu, ya naɗe a sabon hankici, ya tafi gida yana sauri kamar ango. Ya durƙusa gaban tabarmarta ya sa mata. Ta rufe hannu a kansa, dutsen ya sulɓe ya faɗi. Ta lalubo shi, ya sake sulɓewa.

"Auta, kwalba ka kawo mini?"

"Dutsen ne, Yaya. Da kina gani, har fuska ake gani a jikinsa."

"To ni me zan yi da fuska? Na Inna ba ya gudun hannu. Santsi gare shi, amma yana riƙe ka. Kamar tafin matar da ta saba wanki. Ka wuce wurin, ɗan ƙanena. Ka wuce shi da nisa."

Ya daɗe a durƙushe. Tun yana saurayi abin da aka koya masa ke nan, kuma da shi ya yi suna: kada ka tsaya sai ya yi ƙyalli. Yanzu ana so ya tsaya a hanya, a wani wuri da bai sani ba, wurin da babu wanda ya san shi a duniya sai yatsan tsohuwa guda. Ya ɗauki dutsen ya mayar cikin hankici. Matarsa ta ce a ba ta, ta danne yadi da shi a kan keke.

A tsakanin nan ne tarin ya tsananta. Dama yana da shi, duk masu gurza suna da shi, ba mu ɗauke shi komai ba. Amma ya kai in ya hau 'yar gangarar layinmu sai ya tsaya ya dafa bango. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce huhun ya sha ƙura iya sha, in yana son sauran numfashinsa ya rabu da ita. Ya bar wa wani shagon. Tayar kuwa ya sa aka kai masa gida, aka kafa ta a kusurwar tsakar gida kusa da fanfo.

Inji ya bari, ƙura bai bari ba. Da safe sai ga shi da tsintsiya da buhu, yana bin shagunan layin yana share ƙasan injunan mutane. Mai Walda ya taɓa ƙwace tsintsiyar ya jefa kan rufi.

"Kashe kanka za ka yi saboda tsakuwa?"

"Sauko mini da ita, ko in share da hannu."

Matarsa ta roƙe shi ya riƙa yayyafa ruwa kafin ya baza. Ya ce ba ya yiwuwa, in ta jiƙe ƙarfen zai yi tsatsa kafin maganaɗisu ya ɗauke shi, dole a bushe. Ya ɗaure hanci da ƙyalle don ta yi shiru, in ta shiga ɗaki ya sauke, wai yana hana shi numfashi.

Yaya kuwa ta ja tabarmarta kusa da tayar. Matar gidan na cewa ƙarar nan ta hana ta jin kekenta, ita kuwa tsohuwa sai ta karkata kai tana saurare.

"Haka yake yi in ruwa ya cika," ta ce masa wata la'asar. "Kana kan gaɓa kana jin duwatsu suna tafiya a ƙasa, gurum-gurum, kamar ana niƙa a gidan maƙwabta. Inna takan ce mu matsa baya."

"Ni ina ina lokacin?"

"Kana bayana, kana cin wuyan rigata."

Ya zauna kusa da ita a ƙasa, ya rufe ido shi ma. Ya taɓa gaya mana cewa a irin wannan zaman har yakan ji kamar ya tuna, sai kuma ya gane maganarta ce yake tunawa.

Ya riƙa tsayar da tayar a wurare daban-daban. Ya cire bayan mai cizo, ta ce da saura. Ya cire a tsakiyar mai tauna, ta ce ya kusa, amma na Inna yana da ɗan kwari inda yatsa ke zama. Ya yi kwarin da hannu, da jiƙaƙƙen gari da guntun fata, ta ce ya yi zurfi. Ba wulaƙanci take yi ba. Shi ya ce kada ta ɓoye masa, ita kuma ba ta saba ba. Duwatsun da aka ƙi suka cika kwano, suka cika tukunyar fure, yaran maƙwabta suka yi ta ɗiba.

Wata safiya tari ya kama shi a bayan ɗaki, ya ƙi sakinsa. Da ya lafa, Yaya ta ji matarsa ta zo fanfo tana wanke wani ƙyalle, tana ta sake ruwa, tana jan hanci. Ba ta tambaya ba. Can da hantsi ya fito, ya tsayar da taya, ya ɗauraye guda ya kawo mata. Ba ma wanda ya sa rai da shi ba ne, gefensa ɗaya bai gama kwanciya ba.

Ta riƙe shi. Ta juya. Ta sake juyawa, har ya fara miƙa hannu zai karɓa.

"Shi ne," ta ce.

"Yaya?"

"Shi ne, Auta. Wannan ne na Inna, ko rantsuwa aka ce in yi. Sannu da aiki. Allah ya yi maka albarka. Kashe abin nan haka, ka zubar da buhunan, ka zo ka zauna."

Matarsa ta saki keke ta rufe fuska da gyale. Shi kuwa hannun yake kallo. Babban yatsan yana kan dutsen, amma bai zauna ba. Yana zuwa gefe ya dawo, ya gangara ya hau, yana neman wurinsa. Sheƙi ya kalli yatsan, ya kalli fuskarta da ta juya masa tana murmushi wajen da take zaton yake. Ya tashi ya zare wayar tayar. Ya tsiyaye ruwan, ya kife bokitan, ya ja buhunan ƙura ya kai bakin ƙofa.

Bayan kwana biyu ya lallaɓo layi, ba tsintsiya. Ya zauna a bencin Mai Walda, muka kewaye shi muna yi masa barka. Ya bari sai da aka watse saura mu na jiki, sannan ya fara dariyar nan tasa, hannu a ƙirji.

"Tsohuwar nan ƙarya ta yi mini."

"Kai haba," in ji Mai Walda.

"Wallahi. Tunda nake ban taɓa jin ta yi ba, shi ya sa ba ta iya ba. Ko kusa ba shi ba ne."

"To ka gaya mata ka gane?"

"In ce me? Kada wanda ya gaya mata a cikinku." Ya kalli ginin tsallaken titi da ya riga ya zama bene. "Da dai na so in ji yadda yake. Sau ɗaya, a hannuna."

Bai sake kunna tayar ba. Sauran kwanakinsa a tsakar gida ya yi su, a tabarma ɗaya da yayarsa, tana ba shi labarin mutanen ƙauyen gida-gida, wa ke kusa da wa, wa ke da kwalekwale, wa ke da masifa. Bai kai wata daminar ba.

Bayan an share makoki matarsa ta aiko a zo a ɗauke tayar, ta ce ba ta iya kallonta. Muka je da Mai Walda, riƙe da sifanar kwance noti. Yaya tana bakin ƙofarta, ta rame, dutsen na hannunta. Muka gaishe ta, muka kama kwance ƙafafun.

Mun ɗaga za mu fita ta kira shi.

"Mai Walda, zo nan. Kai ne ba ka iya ɓoye magana ba."

Ya ajiye ƙarfen ya durƙusa. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Na makara. Tun mai ƙarnin nan ya kamata in ce shi ne, ban san ƙurar ce ke cin sa ba. Ni dai gaya mini abu ɗaya. Ya yarda? Ya tafi yana ganin ya samo mini?"

Mai Walda ya ɗago ya dube mu. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ya yarda, Yaya," ya ce. "Har layi ya zo yana yi mana fankama, ya hana kowa sakat."

Ta saki hannunsa. Ta gyaɗa kai a hankali, ta sake gyaɗawa.

"To madalla," ta ce. "Ku tafi da abin, ku bi a hankali kada ku ɓare mata ƙofa."